Yadda Na Karanci Aikin Teknishan Na Allurar Barci A Indiya

Ni dai asali likitanci naso karanta kaman kusan duk wanda yayi kimiyya a sakandare, nayi JAMB na kuma yi, maki yana fita daidai gwargwado amma gurbi yaƙi samuwa, har abokan da muka gama tare suka yi nisa a jami'a ni ina zaune a shagon yayana ina saida caja da kondon waya. Wani ɗan unguwarmu da yayi famasi a Indiya shi ya fara kawo min zancen, yace akwai kwasa-kwasan lafiya da mutanenmu basu damu dasu ba kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na likitanci ba, ya lissafo min na ɗaukar hoto, na gwajin jini, na wankin ƙoda, da wannan na allurar barci da ɗakin tiyata. Da na kaiwa Baba maganar tambaya ɗaya yayi min, yace "toh in ka gama likita ka zama ko nas?" Nace Baba babu ko ɗaya. Yayi shiru can yace in dai asibiti ne kuma halal ne kaje Allah yayi albarka. Har yau akwai ƴan uwa masu kirana dokta, na gaji da gyarawa na ƙyale su.

Gara in faɗi wannan tun da wuri saboda masu sha'awar kwas ɗin, teknishan ba shi yake sa mutum barci ba. Wannan aikin likitan anastisiya ne, wanda ya gama likitanci sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa. Namu shine kafin likitan nan ya shigo komai ya zama a shirye, inji yana aiki, oksijin akwai, bututun numfashi an jera su, magunguna an zuƙa an manna musu suna, kuma in ya fara aiki kana gefensa kana miƙa masa abu tun kafin ya buɗe baki. Duk wanda yake neman aikin da za'a riƙa yi masa kirari toh ba nan bane, mara lafiya zai shiga ya fita bai ma san kayi komai ba.

Makarantar da na samu tana wajen birnin Chennai a jihar Tamil Nadu, kwaleji ce mai asibitinta a haɗe. Digirin shekara 3 ne na karatu sai shekara ɗaya ta aikin horo a asibiti kafin a baka takarda. Maganar biza da sauran takardu bazan ja ta ba, abu ɗaya dai, in ka sauka da bizar ɗalibi dole kayi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14, kar ka bari wani yace maka ba komai. Zafi kuwa, ni da nake ganin ɗan Arewa ba'a bashi labarin rana, na Chennai daban ne saboda gumi, garin a bakin teku yake, kayi wanka kafin ka ɗaura agogo ka jiƙe. Abinci shinkafa safe shinkafa rana shinkafa dare da wata miya mai tsami, sai da muka haɗa kuɗi da wasu ƴan Najeriya muka sayi risho muka fara dafa namu.

Shekarar farko ba ka ganin ko ƙofar tiyata. Anatomi ne, fiziyoloji, bayokemistiri, ilimin ƙwayoyin cuta, irin abinda duk ɗan lafiya yake yi. Wahalata a lokacin kunne ne, Turanci suke yi amma da sauri da wani irin lanƙwasa harshe, in malami ya ga aji bai gane ba sai kawai ya juye Tamil ya barni ina kallon allo. Su ma nawa Turancin basa ji sosai, sai da aka ɗau watanni kafin muka saba da juna. A nan ne wata malama ta bamu tarihin abin, ranar 16 ga Oktoba 1846 a asibitin Massachusetts dake Boston a Amurka wani likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa mutum wani maganin barci mai suna ita (ether) aka yi masa aiki a wuya a gaban jama'a bai yi ihu ba, shekara ɗaya bayan nan James Simpson a Edinbura ya fara amfani da wani maganin barcin mai suna kulorofom. Kafin nan danne mutum ake yi a yanka. Sai kuma alfaharinsu, gwajin nan da ake cewa mara lafiya ya hangame baki ya fito da harshe a duba ko sa masa bututu zaiyi wuya, Mallampati, sunan likita ne haifaffen Indiya da yayi aiki a Amurka, ba ranar da zasu ambace shi basu tuna mana ɗan ƙasarsu bane.

A shekara ta biyu aka haɗa mu da injin, kuma gaskiya nan karatun ya fara min daɗi. Asalinsa injin Boyle ne na 1917, na yanzu duk sikirin ne da ƙararrawa amma aikin bai canza ba, ya ɗauki oksijin ya gauraya da iskar barci gwargwadon yadda aka saita ya kai huhun mutum, ya kuma kwashe iskar da ya fitar. Wanda ya koya min shi da hannu ba farfesa bane, wani babban teknishan ne da ya manyanta, difloma kawai gareshi amma likitoci da kansu in inji ya rikice shi suke nema. Anna muke ce masa kaman yadda suke kiran duk wani yaya a can. Mutumin nan bashi da fara'a ko kaɗan, kuma bai yarda da kalmar "jiya na duba" ba.

Ga yadda safiyarmu take. Kafin kowa ya zo ka kunna inji, ka duba bututun bango da yake kawo oksijin daga babban tanki, matsinsa ya zama wajen ba 4 (ba, wato bar, ma'aunin matsin iska ne). Sannan ka cire na bangon ka buɗe silindar dake goye a bayan inji ka tabbatar da iska a ciki, cikakkiya tana nuna wajen ba 137, saboda ranar da na bango ya ɗauke ita kaɗai gareka. Ka toshe bakin tiyon da zai je wa mara lafiya da babban yatsa ka cika jakar numfashin dake jikin inji har matsi ya kai 30 ka tsaya ka gani ko allurar zata sauka, in ta sauka akwai inda yake yoyo, sai ka bi shi gaɓa gaɓa ka nemo. Ka leƙa gwangwanin soda laim, wasu ƙwayoyi ne farare da suke shanye iskar da mutum ya fitar, in sun gaji sai su koma ruwan shuni shuni, ka zubar ka zuba sabo. Ka gwada injin zuƙe majina. Ka kunna fitilar abin buɗe maƙogwaro, ƙarami da babba. Ƙarshe ka tabbatar jakar Ambu tana rataye inda hannu zai kai, wadda ake matsawa da hannu ba ruwanta da wuta ko inji.

Silinda ma karatu ce mai zaman kanta. A Indiya ta oksijin baƙa ce mai farar kafaɗa, ta naitiros, wata iskar barci, shuɗiya, amma a Amurka ta oksijin koriya ce, shiyasa Anna yake cewa kala ba hujja bace ka karanta rubutun jiki. An kuma yi musu wasu ƴan ramuka a wuya da suke shiga ƙusoshin jikin inji kaman makulli da kwaɗo, na oksijin a lamba 2 da 5, na naitiros 3 da 5, na iskar da muke shaƙa 1 da 5, ta yadda ko kana gyangyaɗi bazaka iya ɗaura wata a gurbin wata ba. Wani abu da suke son tambaya a jarabawa kuma yake kada mutane, agogon silindar naitiros baya faɗa maka gaskiyar abinda ya rage, saboda ruwa ne a ciki, allurar zata tsaya cak a waje ɗaya har sai ruwan ya ƙare sannan ta faɗi gaba ɗaya, in kana son sanin saura nawa sai dai ka ɗora ta a sikeli. Ta oksijin kuwa lissafinta a fili yake, ƙaramar da muke rakiyar mara lafiya da ita tana ɗaukar lita kusan 660, in kana bada lita 10 a minti toh awa ɗaya da ƴan mintuna gareka. Wannan lissafin na ɗauke shi abin cin jarabawa ne kawai sai da korona ta dawo zagaye na biyu a Afrilu da Mayu 2021, lokacin da asibitocin Indiya suka shiga neman oksijin ido rufe, ranar na ga manyan likitoci suna tambayar teknishan silinda nawa suka rage kuma zasu kai ƙarfe nawa.

Magunguna kuma kowanne da kalar takardar da ake manna wa sirinjinsa. Masu sa barci irin su furofofol da ketamin rawaya, masu saki jijiya ja, masu kashe zafi irin su fentanil da mofin shuɗi, masu ɗaga hawan jini shuni, na kashe waje ɗaya toka toka. Ba ka ajiye sirinji babu suna ko da na daƙiƙa ne, in ka tsinci wanda babu suna kwandon shara zai tafi ko da kai ka zuƙa. Su fentanil a kulle suke, akwai littafi, duk kwalbar da aka fasa sai an rubuta sunan mara lafiya an sa hannu, in lissafi bai cika ba babu mai tafiya gida. Sakzametoniyam kuma, ɗaya daga cikin masu saki jijiya, a firji yake zama. Hatta tukwanen iskar barci dake kan inji da kalarsu, sibofuloren rawaya, aisofuloren shuni, halotan ja.

Ranar da na fara tsayawa a kan mutum ana sa shi barci, abinda ya girgiza ni ba jini bane. Ana ɗora masa takunkumi ya shaƙi oksijin zalla na wajen minti 3, a tura farin maganin barcin nan furofofol ta kanula, yana magana sai ka ga ido ya lumshe, a bi da mai saki jijiya, shikenan ƙirji ya tsaya. Mutum ne lafiyayye da ya shigo yana wasa da nas, yanzu baya numfashi sam, kuma da gangan aka yi. Daga nan har a sa bututu rayuwarsa tana hannun mutum biyu, likita da wanda yake miƙo masa kaya. Abin buɗe maƙogwaro a hannun hagu zaka sa masa, bututu a dama, kuma baya ɗago kai ya kalle ka don idonsa yana cikin maƙoshi, in ya shiga ka hura ƴar balan ɗin jikin bututun da sirinji, ka haɗa tiyo, kowa ya zuba wa sikirin ido ana jiran layin iskar da huhu ke fitarwa ya fara hawa da sauka. In layin nan bai fito ba toh bututu ya tafi hanyar abinci, cire shi za'a yi ba gardama.

Akwai wani bawan Allah da aka kawo za'a cire masa matsarmama, mai jiki ne sosai ga gajeren wuya. Tun a bakin ƙofa Anna ya kalle shi sau ɗaya ya taɓa ni yace in ɗauko buji da bututu ƙarami da abin nan da ake zurawa ya zauna a saman maƙogwaro in bututu yaƙi, in buɗe su in ajiye a kusa. Buji wata doguwar sanda ce siririya mai lanƙwasa a baki. Ai kuwa likita ta leƙa bata ga ƙofar ba, ta fito ta bashi iska ta sake komawa, na'urar dake maƙale a yatsa ta fara sauya murya, don ita ƙararta tana yin ƙasa ne yadda oksijin ɗin jini yake sauka, ko baka kalli lamba ba kunnenka zai faɗa maka, daga 99 muka ga 92 muka ga 88. Ta miƙo hannu kawai tace buji, yana tafin hannunta kafin ta rufe baki, ta zura, na ɗora bututu a kai ta tura shi, layi ya fito, murya ta koma sama. Duka abin bai fi minti biyu ba. Babu wanda yace sannu, likitan tiyata ma cewa yayi za'a iya farawa? Anna ya koma kan kujerarsa yana cika takarda. Ni kuwa rigata ta jiƙe sharkaf a cikin ɗaki mai sanyin esi.

Ɗakin haihuwa shi yafi yawan aiki, kuma yawanci allurar baya ake yi ba barci ba. Aikina in zaunar da matar ta sunkuya ta turo bayanta, in riƙe kafaɗunta kar ta motsa, likita ya sa siririyar allura a ƙasan baya tsakanin ƙashi na 3 da na 4 ya tura maganin kashe waje mai suna bufibaken, cikin ƴan mintuna daga ciki zuwa ƙafa ya mutu amma idonta biyu, tana jin kukan jaririnta. Abinda ake tsoro jini ya faɗi, shiyasa tun kafin a fara ruwa yana tafiya, maganin ɗaga jini yana zuƙe a sirinji, a kuma ɗan karkata ta hagu. Dole ta sa na koyi ƴan kalmomin Tamil, ja numfashi, kar ki motsa, buɗe ido, an gama, don mai naƙuda ba ta da lokacin Turancina.

A nan zan ɗan yi wa mutanenmu magana. In an ce kar mara lafiya ya ci komai kafin aiki, ba mugunta bace. Ƙa'idar awa 6 ce ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla, kuma kunu da koko da shayi mai madara duk abinci ne. Mutum in yayi barcin nan baya iya tari, abinda ke ciki yana iya tasowa ya gangara huhu, kuma wannan yana kisa. Na sha ganin ƴan uwa saboda tausayi an faki ido an ba mara lafiya ɗan abu "don ya samu ƙarfi" sannan a ɓoye. In an riga an bashi a faɗa kawai, ɗaga aikin za'a yi ko a canza dabara.

Ba duka ne daɗi ba. Tsayuwa ce ta awanni, in aikin ƙashi ne ga rigar dalma mai nauyi a kanka saboda hoton da ake ɗauka, in azumi ne kuma sai addu'a, sallah sai ka roƙi abokin aiki ya tsaya maka ka ruga ka dawo. Akwai wankin kaya da kai su tukunyar turara da take kashe ƙwayoyin cuta a zafi 121 na minti 15, wannan duk ɗalibi ake turawa. Akwai kuma likitocin da suke ɗaukarka ɗan aike, wani ko sunanka bazai tambaya ba har ka gama. Ga canji da yake ta tashi, kuɗin makarantar da yayana ya lissafa da farko kafin in gama ya zama wani abu daban a naira, akwai zangon da saura ƙiris a hana ni zama jarabawa. Jarabawar kanta kashi uku ce, rubutu, firaktikal, da ta baki inda malami daga wata makaranta zai ɗauki abu ɗaya a tebur ya miƙo maka yace yi bayani. Ni bututun yara ya miƙo min yace ɗan shekara 4 wane lamba, ka raba shekaru da 4 ka ƙara 4, wato 5, sai yace in babu shi fa, nace ai ana ajiye na sama da na ƙasa da shi a kusa, ya gyaɗa kai ya ɗauko wani abin.

Shekarar horo ita ce ainihin makarantar, ana juya ka tiyatar ciki, ƙashi, kunne da hanci, ƙwaƙwalwa, ɗakin masu jinya ta musamman, ga kwanan asibiti. Zuwa ƙarshenta ni ake bari in buɗe ɗaki da safe ni kaɗai, Anna sai ya zo ya zagaya ya taɓa nan ya taɓa can ya fita bai ce komai ba, a wajensa wannan yabo ne.

Da na dawo gida sai da na kai takarduna ma'aikatar ilimi ta tarayya aka tantance kafin maganar bautar ƙasa. Aiki kuma na tarar da wani yanayi daban. Likitocin anastisiya a Najeriya ko ɗaya basu kai ba a cikin mutum 100,000, alhali ƙungiyarsu ta duniya 5 take cewa a samu aƙalla, shiyasa a asibitoci da yawa nas masu horo na musamman ne suke riƙe da aikin, kuma wallahi suna ƙoƙari. Halotan da muka karanta a matsayin tsohon yayi na same shi ana amfani da shi, ketamin kuma shine abokin kowa saboda baya cika tsaida numfashi ko kada jini. Wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, kafin janareta ya tashi jakar Ambu ce da fitilar waya. Duk binciken safen nan da nake ganin Anna ya cika tsanani, a nan na ƙara masa da leƙa man janareta da ƙirga silinda da idona.

Masu tambayata ta waya ko su tafi, abinda nake ce musu kar su biya ko sisi sai sun tabbatar da abu biyu. Na farko wace jami'a ce zata bada takardar kuma hukuma ta san da ita, tunda Indiya ma ta yi dokar kula da irin waɗannan sana'o'in lafiya a 2021. Na biyu kwalejin tana da asibitin kanta da ake tiyata kullum ko kuwa sai an ɗebe ku a bas an kai ku wani waje kuyi kallo. Na san yaran da ejan ya kai irin ta biyun, gini mai kyau a hoto, sun gama shekara 3 basu taɓa canza soda laim da hannunsu ba, ɗaya daga ciki yanzu haka yana zuwa wajenmu ranar Asabar yana koyon duba inji daga farko.